Abin da jini ke faɗa kafin suga ya hau: tambayoyi da amsoshi kan ƙiba, insulin da ciwon sukari

Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Ranar kasuwa layinmu ya fi tsawo, domin mutum zai kawo akuyarsa ya sayar, ya biyo a duba masa suga kafin motar ƙauyensu ta cika. Tambayoyin nan na ji su har na haddace. Abin da ya sa na zauna na rubuta su shi ne yawancin mutanenmu sai ƙafa ta yi gyambo ko ido ya dushe suke zuwa, alhali jiki ya yi shekaru yana ba da sanarwa.

Likita, wai mene ne wannan insulin da kuke ta ambata?

Sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas ke fitarwa. Tana kwance a bayan tumbin da abinci ke sauka, kuma ba ita ce saifa ba, ko da yake mutane kan haɗa su. Idan ka ci tuwo, na dawa ne ko na shinkafa, hanji zai narkar da shi ya zama suga ya shiga jini. Insulin shi ne ɗan aiken da ke zuwa ƙofar tsoka ya yi sallama. Da tsoka ta ji, sai ta turo wasu ƙananan ƙofofi da masana ke kira GLUT4, suga ya shige ya zama ƙarfin aiki. Shi ne kuma ke gaya wa hanta ta dakata da zubo nata sugan cikin jini, ya gaya wa kitse ya riƙe maiƙonsa.

A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa majiyyaci allurarsa a 1922.

To me ake nufi idan an ce jiki ya ƙi jin insulin?

Ɗan aiken nan yana ta sallama, mutanen gida sun yi kunnen uwar shegu. Fankiriyas ba ta zuba ido, sai ta ƙaro 'yan aike, biyu su zama huɗu, har a buɗe ƙofa. A wannan matakin idan muka huda yatsanka za mu ga suga lafiya lau, ka tafi kana murna, alhali insulin ya yi yawa a jininka kuma fankiriyas tana aikin mutum uku. Mutum na iya yin shekaru da yawa a haka ba ya jin komai.

Ranar da ƙwayoyin da ke samar da insulin suka gaji, ranar suga ke fara tsayawa a jini. Ciwon sukari nau'i na biyu ke nan: ƙin ji daga tsoka da hanta, sai gajiyar fankiriyas ta biyo baya. Nau'i na ɗaya daban yake, a can garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin, ya fi kama yara da matasa, kuma allurar insulin dole ce tun daga farko.

Ina ruwan ƙiba da suga? A garinmu ai teɓa alamar hutu ce.

Na sani, kuma na san abin da ya jawo haka. Wanda ya ga yunwar 1973 ko ya ji labarinta daga bakin iyayensa, ba za ka raba shi da ganin ƙiba a matsayin rufin asiri ba. Amma kitse rumbu ne, kuma kowane rumbu yana da iyaka. Idan ya cika, hatsin da ya rage sai a jibge shi a zaure da ɗakin kwana. Haka maiƙo ke yi: idan kitsen ƙarƙashin fata ya cika, sai ya malala cikin hanta da tsoka da ita kanta fankiriyas, wuraren da ba a yi su don ajiya ba. Maiƙon da ya taru cikin ƙwayar tsoka ko ta hanta yana toshe hanyar da saƙon insulin ke bi.

Ranar layya ka tsaya kusa da mai fiɗa ka duba ragon da aka turke wata shida. Za ka ga farin kitse ya lulluɓe hanji kamar mayafi, ya naɗe ƙoda. Irin wannan kitsen na cikin ciki shi ne mai ɓarna a jikin ɗan'adam, domin jijiyar da ke kwaso jini daga wurin kai tsaye take zubawa cikin hanta. Kitsen cinya da na mazaunai bai kai shi haɗari ba. Shi ya sa mace mai faɗin ƙugu da shafaffen ciki kan fi namiji mai siraran ƙafafu da ƙaton tumbi lafiyar jini.

Ba ni da kuɗin gwaji. Akwai abin da zan gani da idona?

Samo igiya ko zare, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ka yanke, ka ninka shi biyu. Zagaya cikinka da shi daidai wajen cibiya, kada ka shanye ciki. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka, kuma wannan gargaɗi ne. Mai tef ɗin tela kuwa, ma'aunin da ake amfani da shi shi ne santimita 94 ga namiji, 80 ga mace.

Sai wuya. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini 'yarta mai shekara goma sha shida, ta ɗage mata hijabi ta ce, "Likita, dubi ƙazantar yarinyar nan, na dirje ta da soso da sabulun salo har fata ta saɓule, baƙin ya ƙi fita." Na shafa wurin: fata ta yi kauri, ta yi baƙi da laushi kamar karan-miski, har cikin hammata. Na ce, "Hajiya, wannan ba dauɗa ba ce, ki daina dirzar ta." Insulin ne idan ya yi yawa a jini yake sa fatar wuya ta yi haka. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye, domin an daɗe ana yi mata gori a kan abin da ba laifinta ba.

Sauran alamun: hawan jini, haihuwar jariri da ya wuce kilo 4, suga da ya taɓa hawa lokacin ciki, al'ada mai tsallake watanni tare da fitowar gashi a haɓar mace, ko uwa, uba ko ɗan'uwa mai ciwon. Kada ka jira sai kiyashi ya bi fitsarinka. Suga ba ya zuba cikin fitsari sai lambarsa a gwajin jini ta kai wajen 10, wato ciwon ya riga ya zauna.

An rubuta mini FBS da RBS a takarda. Wace lamba ce ke nuna ciwo?

FBS shi ne gwajin safe bayan ka yi aƙalla awa 8 ba ka ci komai ba, ruwa zalla ba ya hanawa. Ƙasa da 5.6 lafiya ne. Daga 5.6 zuwa 6.9 bakin gaɓa ne, ciwon bai kama ba amma yana ƙofa, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 6.1 take fara ƙirga wannan matakin. Daga 7.0 zuwa sama ciwon sukari ne, idan an maimaita wata rana aka sake samun haka. RBS kuma kowane lokaci ake yin sa, kuma 11.1 zuwa sama tare da yawan fitsari, ƙishirwa da rama ya isa shaida. Wasu na'urorin da ma'auni daban suke ƙirgawa, sai ka ga 126 maimakon 7.0, ko 200 maimakon 11.1. Raba babbar lambar da 18 za ka samu ƙaramar. Na sha ganin wanda ya zo a firgice wai sugansa ya kai 95, alhali 5.3 ke nan.

Abu uku ke ɓata wannan gwajin a wajenmu. Mutum ya kurɓi koko da asuba ya ce ai bai ci abinci ba. Ko a huda yatsan da ya ɓare mangwaro ko ya riƙe rake ba a wanke ba, lamba ta haura ta ƙarya. Ko kuma tsinken gwajin ya kwana a shagon kwano cikin zafin Afrilu, alhali yawancinsu ba a so su wuce zafin digiri 30. Mai na'ura a gida ya rufe kwalbar tsinken da kyau, ya ajiye ta a inuwa mai sanyi.

Shi kuma HbA1c, me ya sa ya fi tsada?

Domin ba labarin yau kaɗai yake bayarwa ba. Suga yana manne wa jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini, kuma ƙwayar jini kan rayu kusan kwana 120. Idan aka auna kashi nawa ne suga ya manne wa, sai a san yadda ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ba ya buƙatar zama da yunwa. Ƙasa da 5.7 lafiya, 5.7 zuwa 6.4 bakin gaɓa, 6.5 zuwa sama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi wajen gano ciwon a 2011.

Sai dai a ƙasarmu dole a karanta shi da hattara, kuma wannan magana ba a cika faɗa wa mutane ita ba. Duk abin da ya gajarta ran ƙwayar jini zai sa lambar ta fito ƙasa da gaskiya: amosanin jini, zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini, zubar jini wajen haihuwa, ƙarin jini na kwanan nan. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma, wanda ya yi yawa ga matanmu, yana iya ɗaga ta. Mai jinin SS kada ya dogara da wannan gwajin sam. Mai AS ya faɗa wa ɗakin gwaji, domin wasu na'urorin suna ruɗewa da shi, wasu ba sa ruɗewa. Akwai ma wani gado da ake kira ƙarancin G6PD, mai yawa a tsakanin mazan Afirka, wanda wani babban bincike na 2017 ya nuna yana saukar da HbA1c har a kasa gane mai ciwo. Idan HbA1c ya ce lafiya amma alamu suna cewa a'a, a koma ga FBS, ko gwajin da ake ba mutum ruwan suga giram 75 a sake aunawa bayan awa biyu.

Ana iya auna ƙin jin insulin ɗin kansa?

Ana iyawa. A ɗebi jinin safe a auna suga da insulin tare, a ninka lambobin biyu, a raba da 22.5. Sunan lissafin HOMA-IR, masana a Oxford ta Ingila suka fito da shi a 1985. Ga mutum biyu, kowanne sugansa 5.4. Na farko insulin ɗinsa 5, lissafinsa ya ba da 1.2. Na biyu insulin ɗinsa 15, nasa ya ba da 3.6. A na'urar yatsa su biyun ɗaya suke, amma fankiriyas ɗin na biyun tana biyan ninki uku kafin ta riƙe sugan a wurin.

Gwajin insulin sai manyan ɗakunan gwaji na birni, kuma babu lamba guda da duniya ta yarda ita ce iyaka. Ra'ayina, manomi kada ya sayar da tunkiyarsa saboda shi. Igiyar da na ambata a sama da duba wuya da FBS za su gaya masa yawancin abin da HOMA-IR zai faɗa.

Me ya haɗa maiƙon jini da gwajin hanta da wannan maganar?

Hantar da ta daina jin insulin takan zubo maiƙo da yawa cikin jini. A takarda za ka ga TG, wato ma'aunin wannan maiƙon, ya kai 1.7 ko fiye, HDL kuma, wanda ke kwashe maiƙo daga jijiyoyi, ya sauka ƙasa da 1.0 ga namiji ko 1.3 ga mace. Amma bincike a kan mutanen Afirka ta Yamma da baƙaƙen fatar Amurka ya nuna TG ɗinmu kan zauna ƙasa ko da jiki ya yi nisa da ƙin ji. Saboda haka kyakkyawan TG ba takardar sallama ba ce a wajenmu.

ALT kuma, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen hanta, yakan ɗan ɗaga idan kitse ya taru a hanta. Kafin a ɗora wa kitse laifi, a fara duba ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, a kuma tambayi irin jiƙe-jiƙen da mutum ke sha.

Na ji ana cewa kitse yana fitar da sinadarai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi ba ni mamaki a karatuna. Da can ana ɗaukar kitse a matsayin buhun ajiya kawai. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano leptin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu ya cika, a rage ci. An zaci mai ƙiba rashinsa yake yi, sai aka tarar nasa ya fi na kowa yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina ji, kamar dai yadda tsoka ta yi wa insulin. Don haka mai ƙiba da ya ce maka yana jin yunwa, ba haɗama ba ce, a daina yi masa dariya. Jim kaɗan bayan haka aka gano adifonektin, wanda ke taimaka wa hanta da tsoka su ji insulin. Shi nasa a juye yake: kitsen ciki na ƙaruwa, shi yana raguwa.

Kitsen da ya cika ya kumbura yana kuma jawo sojojin garkuwar jiki, su riƙa fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6, waɗanda ke ƙara toshe saƙon insulin. Masana a Boston suka fara nuna haka a jikin ɓeraye a 1993. Gwajin CRP yana nuna wannan ɓoyayyen kumburin, amma a ƙauye da damina, inda zazzaɓi ko ruɓaɓɓen haƙori zai ɗaga shi ninki da yawa, ba ya rarrabe komai. Leptin da adifonektin har yanzu kayan masu bincike ne, likita ba ya buƙatarsu kafin ya yi maka magani.

Mahaifina da shi ya rasu. Ni ma ba makawa ke nan?

Ana gadon saurin kamuwa, ba a gadon tabbas. An gano ɗaruruwan wurare a ƙwayoyin gado da ke da hannu, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Mafi shahara shi ne TCF7L2 da aka gano a 2006, wanda ke rage ƙarfin fankiriyas, sai FTO a 2007 mai alaƙa da ƙiba. A 2019 binciken da aka yi a kan mutanen Najeriya, Gana da Kenya, wanda Charles Rotimi da Adebowale Adeyemo ke cikin jagororinsa, ya gano wani mai suna ZRANB3 da ba a gani ba a binciken Turawa. Babu gwajin gado da za ka nema. Sanin cewa Baba ya yi ciwon ya ishe ka dalilin duba FBS duk shekara da kula da igiyarka.

Ni ramamme ne, kullum ina gona. Ta yaya aka ce ina da suga?

Wannan tambayar ta fi kowacce taɓa zuciyata, domin masu yin ta suna da yawa a ƙauyukanmu. Wani, ciwon sugan ne ya ramar da shi, da can yana da jiki. Wani siriri ne a waje amma kitsen na cikin ciki da hanta. Wani kuma tun yana ciki ko yana goye yunwa ta taɓa shi, fankiriyas ba ta ginu da kyau ba, sai ta gaza da wuri ko babu ƙiba. A Afrilun 2025, a taronta na Bankok, ƙungiyar IDF ta masana ciwon sukari ta duniya ta amince da ciwon da rashin abinci ke jawowa a matsayin nau'i na biyar.

A nan ne gwajin si-feftayid ke da amfani. Duk lokacin da fankiriyas ta fitar da insulin, tana fitar da wannan ɗan guntun tare da shi, ɗaya bisa ɗaya, don haka yana nuna ko tana da sauran ƙarfi. Irin wannan majiyyacin ya cancanci a tura shi wurin ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Kuma don Allah kada a ce masa ya rage ci ya koma wake zalla. Shawarar rage ƙiba da ke ƙasa ba tasa ba ce.

'Yata za ta yi aure, ƙawayenta sun kawo mata maganin ƙiba. Da matsala?

Da babbar matsala, Inna. Yawancin abin da ake kira sha-ka-fashe akwai ƙwayar dekzametazon a ciki ko 'yan'uwanta. Tana kumbura fuska da ciki, tana ramar da cinya da hannu, tana sa hanta ta zubo suga, tana hana tsoka jin insulin. Wato duk abin da na bayyana a amsa ta biyu, cikin 'yan makonni. Wasu mayukan bilicin ma da irin wannan sinadarin ake haɗa su, kuma yana ratsa fata. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan na da nasa haɗarin. Ta zo asibiti a rage mata a hankali, a duba sugan.

Idan alamun nan sun fara lalacewa, suna komawa daidai?

Suna komawa, musamman a bakin gaɓa. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da ke wannan matakin, ya nuna waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiya ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan metfomin, ƙwayar maganin suga, sun rage da kashi 31. Ga mai kilo 80, kashi 7 ɗin nan na nauyi wajen kilo biyar da rabi ke nan. A Birtaniya kuma, binciken DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin masu ƙiba da ba su daɗe da kamuwa ba, sugansu ya dawo daidai ba magani bayan shekara guda da rage nauyi sosai a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya.

Tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofofin GLUT4 ko insulin bai yi sallama ba. Da damina manomi ba ya buƙatar wannan nasihar. Matsalar tana farawa bayan an kai amfani gida: wata shida na zaman majalisa, babur ya maye gurbin ƙafa ko masallacin Juma'a za a je, ga shayi mai cokali huɗu na suga da burodi da safe, ga lemon kwalba a kowane suna da ɗaurin aure. Matan da ke cikin gida su ma injin niƙa ya ɗauke musu daka. Ban ce a bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye, zogale, rama, kuka, kuɓewa, a riƙa haɗawa da wake, a sha fura da nono ba suga, a taka ƙafa bayan cin abinci ko zagayen tsakar gida ne. Masu shan ɗaci kuma, shuwaka ko darbejiya ko maɗaci, ɗacin baki ba ya goge sugan jini. Kada a ajiye maganin asibiti saboda su, kuma a gaya wa likita abin da ake sha saboda ƙoda.

Na riga na kamu. Wane gwaji ne bai kamata ya wuce ni ba?

HbA1c duk wata uku zuwa shida idan jininka ya dace da shi, kamar yadda na yi bayani a amsarsa, da awon hawan jini duk zuwa. Amma wanda aka fi mantawa shi ne na fitsari mai neman albumin, wani sinadarin jini da lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya zuba. Ƙodar da suga ya fara taɓawa takan fara yoyon wannan sinadarin shekaru kafin ƙafa ta kumbura, kafin ma gwajin kiriyatinin na jini, mai auna aikin ƙoda, ya motsa. Idan takarda ta nuna ACR, wato sakamakon wannan gwajin fitsarin, ya kai 30, ko 3 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka sake samu, akwai magungunan hawan jini da ke kare ƙoda idan an fara su da wuri. Sau ɗaya a shekara ake yin sa, fitsarin farko na safe ya fi, kuma ba a yin sa ranar zazzaɓi ko lokacin al'ada. Idan asibitin garinku ba ya yi, ka roƙi a rubuta maka shi ka riƙe takardar, duk ranar da wata hidima ta kai ka Dutse, Haɗeja ko Kano sai ka yi. A wannan zuwan ka nemi a duba maka bayan ido, ka kuma cire takalmi a duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu.